Sabuwar Manhajar Ernest

Raɗe-raɗi ya cika ƙungiyar zumuntar mata ta cocinmu: wai Ernest, mai naɗa mana waƙa a Sabon Gari, ya zaɓi sabuwar manhaja ne don tana iya cire muryar mai ɓata waƙa. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, ba na aiki da "an ce". Na je da kaina.

"Ernest, ɗana, gaskiya ne?"

"Mama, don Allah ki bar maganar nan."

"Kunna mu ji. In muryar Felicia aka cire, ni zan lallashe ta."

Ya kunna yana kallon ƙasa. Waƙa ta fito tas, ga muryar Felicia raɗau. Na gyara zama, ina jiran baitin da nake ɗaga murya.

Baitin ya zo, ya wuce. Muryata aka cire.