Sunan da Bature Ya Bari a Tashar Ƙaura

Shekara arba'in da biyar mutanen Ƙaura Namoda suna kiran Maiwada mahauci da Matado, ba wanda ya san ma'anarsa. Abin da aka sani, ran nan wani sa ya tsinke igiya a tashar jirgin ƙasa, aka watse, da ƙura ta lafa sai ga san kwance. Wani Bature mai sayen fatu ya nuna wajen Maiwada da yatsa ya faɗi kalmar.

Tun daga nan Maiwada bai kusantar sa mai rai. Cewa yake ya yi nasa, saura na baya.

Da za a naɗa sabon Sarkin Pawa, jikarsa Nazifa ta zo hutu daga jami'a ta binciko kalmar. Matador ce, in ji ta, daga harshen Sifaniya, inda ake kiran kisa da "matar". Ita ake ce wa wanda ke tarar sa a filin wasa ya gama da shi, kuma Turanci da Faransanci duk sun are ta yadda take. Kafin kasuwar Shinkafi ta ci, labari ya kai har garin Dauran. Maiwada ya sake hula, ya sake tafiya.

Armiya'u, abokin takararsa, ya ce suna ba hujja ba ne, a kawo wanda ya gani.

Mutum ɗaya ya rage, Hamida matar Maiwada, wadda ke dakan fura a tashar a wancan zamani. Hamida ba ta ƙarya ko a wasan jika. Maiwada ya bi ta har madafi yana lallashi, ta ce ya matsa ya tare mata haske.

Gaban dattawa aka tambaye ta ko Baturen wajen Maiwada ya nuna.

"Wajensa ya nuna," in ji ta.

"Da idonki, Inna?" in ji Armiya'u.

"Ban san wanda ya fi ni kusa ba."

Armiya'u ya sunkuyar da kai. Aka naɗa wa Maiwada rawani, makaɗa suka bi shi har gida suna Matado, Matado. Hamida ta karɓi gaisuwa ba ta ko murmusa ba.

Ba wanda ya tambaye ta a ina Maiwada yake lokacin da aka nuna shi. A bayanta yake laɓe, ya ƙanƙame gefen zaninta, ita kuwa taɓaryar da ta sauke wa san tsakanin ƙahoni tana hannunta.