Takalman Mai Haƙar Rijiya

Zauna tukuna, Sallau. Tun da ƙaninka ya fasa wa mutum kai kake ta zagaya gari kana cewa ai tsokanarsa aka yi, kamar wannan kalma ce makullin gidan yari. Ni da kake gani tsokana ce tuwona. Ni ne na saka wa mai unguwa kwaɗo a aljihun babbar riga ranar suna, har yau in ya hango ni sai ya dafe aljihu. Amma akwai labarin da in na tuna shi sai in ji harshena ya yi nauyi a baki.

A wani gari mai rafi a tsakiya an yi wani mai haƙar rijiya, mutum shiru-shiru wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Yana da taubashi mai baki kamar aska, irina sak. Ka san taubashi, al'ada ta sakar masa mara: ya cire maka hula a kasuwa, ya ce matarka ta fi ka gemu, a yi dariya a watse. Shekara talatin suna haka, ba a taɓa jin kansu ba. To, wata shekara rijiya ta rufta da ƙanin mai haƙar, shi yana sama riƙe da igiya, ƙanin yana ƙasa. Kwana biyu ana tono kafin a fito da gawa. Ba a yi wata huɗu da wannan ba, ranar kasuwa da hantsi, mai haƙar ya shigo rumfar mai shayi. Taubashin ya ɗaga murya ya ce, "Ku matsa wa mai haƙar kabari! Wa ma ya sani, ko igiya ce ta tsinke, ko hannu ne ya saki?" Babu wanda ya yi dariya. Mai haƙar ya ajiye kofinsa. Ya fita, ya ƙetare rafi, ya je gida ya ɗauko dagi, ƙarfen nan da yake fasa ƙasa da shi, ya dawo. Taubashin na nan zaune inda ya bar shi. Sau ɗaya ya sauke masa, ko shurawa bai yi ba.

Da aka je kotu, lauyan mai haƙar ya ce doka ma ta san ɗan Adam ba dutse ba ne. In an tunzura mutum da abu mai tsanani, bagatatan, ya kai hannu kafin zuciya ta huce, ba a wanke shi, amma hukunci kan sauko daga kisa zuwa ɗauri. Ran mai haƙar a kan wannan gaɓa ya rataya. Shaidu duk suka ce maganar ta wuce wasa. Hatta uwar taubashin, wadda gwaggo ce ga wanda ake tuhuma, ta ce cikin kuka ɗanta ya taɓa inda ba a taɓawa. Alƙali, wani dattijo marar yawan magana, ya yarda maganar ta kai ta makantar da zuciya. Abu ɗaya ya roƙa: yana so ya taka hanyar da ƙafarsa, daga rumfar shayi zuwa gidan.

Aka tafi da 'yan sanda da lauyoyi, rabin gari na biye a baya. Da aka iso bakin rafi, mai haƙar ya sunkuya da ankwa a hannu, ya cire takalmansa ya riƙe, yadda ya saba tun yana yaro. Alƙali ya tsaya yana kallonsa. Can ya ce, "Ranar ma ka cire su?"

"Na cire, ranka ya daɗe. Sababbi ne, na fata, ruwa na ɓata su."

"Da za ka dawo fa, da dagi a hannu?"

"Na ajiye dagin a bakin ruwa na cire. Da na haye na share ƙafa na mayar."

Sallau, ka ji fa. Lauya ya ɗora hannu a ka. Shi kuwa bawan Allah bai ma gane abin da ya faɗa ba, gaskiya kawai ya saba. Alƙali ya ce zuciyar da ta makance ba ta ganin takalmi. Wanda ya tsaya sau biyu yana tausayin fata, hankalinsa na jikinsa, kuma da wannan hankalin ya ɗaga ƙarfe. Doka tana rangwame ga wutar da ta kama mutum nan take, ba ta yi ga garwashin da ya ɗauka ya kai gida ya hura. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Ni abin da ke ba ni tsoro, ikon Allah, shi ne yadda ran mutum guda ya zo ya tsaya a kan igiyar takalmi. Saboda haka kafin ka kai ƙafarka wurin lauya, je ka tambayi ƙaninka abin da ya yi tsakanin zagin da dukan, ko da hula ce ya tsaya ya gyara. Ni kuma nawa rabon na ɗauka daga taubashin: tun daga lokacin, kwaɗo nake sakawa a aljihu, ba na taɓa kabarin kowa. Dubi mutum biyun nan, ɗaya ya faɗi magana a rumfa, ɗaya ya faɗi magana a bakin rafi, duka ƙasa ta rufe su. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce baki shi ke yanka wuya.