Kwanciyar Gawa a Gidan Mama Irène

Naushi na uku ne ya karya wa mutumin muƙamuƙi. Jérôme bai tsaya ba. Ya cafki wuyan rigarsa, ya buga kansa da ƙarfen gadar Binuwai, ya sake bugawa, jini na tsiyaya a kan kifin da ya zube. Sai da masunta huɗu suka rirriƙe shi. Laifin bawan Allahn nan guda ne: ya dafa kafaɗar Jérôme ta baya yana tambayar hanya.

A ranar Arlette, matar Jérôme, ta kwashe 'ya'yansu biyu ta koma gidan iyayenta a Mokolo. Ita ma tana da giɓin haƙori da hannunsa ya bar mata. Ta aiko masa da saƙo cewa ba za ta dawo Garwa ba sai ya je wurin Mama Irène, kuma sai Mama Irène ta faɗa da bakinta cewa ya warke.

'Yan unguwa sun tausaya masa. Kowa ya san yana wurin, shekara tara da suka wuce, ranar da masu tare hanya suka tsayar da motar fasinja daga Ngawundere, suka kwantar da mutane a bakin kwalta, suka bi su da adda. In ya sha giya yakan faɗi yadda direban ya yi ta shure-shure, da yadda jini ya gangara cikin lambatu. Wanda ya ga haka, in ji su, dole zuciyarsa ta taɓu.

Mama Irène tsohuwar nas ce. Tana koyar da yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi irin na Indiyawa, a tsakar gidanta, ƙarƙashin darbejiya, kowace yamma in rana ta yi sanyi. Da ya shigo, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta nuna masa tabarmar da ke gabanta daidai.

Lanƙwasa jiki bai ba shi wuya ba, ƙato ne mai ƙarfi. Amma ta ce masa wannan shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Akwai numfashi, akwai abin da mutum ke ci da sha, akwai kame hannu daga cutar da mai rai, akwai faɗin gaskiya. Ya bar giya. Wata rana wani ɗan babur ya banke shi a kasuwa, ya kuma zage shi. Hannun Jérôme ya tashi, ya ja numfashi biyar, hannun ya sauka.

Abu ɗaya ya gagare shi, wato kwanciyar gawa da ake rufe darasi da ita. A kwanta rigingine, a saki gaɓoɓi, a rufe ido. Shi da ya rufe ido sai fuskoki su taso masa. Ran nan André, wani malamin makaranta da ke kusa da shi, ya taɓa ƙafarsa bisa kuskure. Jérôme ya zabura ya shaƙe shi har idanunsa suka firfito, harshe ya zazzago. Mama Irène ta kira sunansa sau ɗaya, ya saki. Ba ta kore shi ba.

Ita kuwa in ta kwanta, ƙuda ma yakan sauka a leɓenta ya yi yawo. Ko ƙirjinta ba a ganin motsinsa.

A wata na shida ya iya. Ya yi minti goma kwance, ya tashi da hawaye. Da sauran suka watse, ya durƙusa ya roƙe ta ta kira Arlette.

Ta ce saura gaskiya, ya ba ta labarin ranar motar nan. Ya ba ta yadda ya saba: yana kujerar baya, ya tsere cikin daji.

Ta ce ya sake kwanciya. Ta zauna ta wajen kansa, ta tallabo ƙeyarsa kamar kullum, manyan yatsunta a kan maƙogwaronsa. Ta ce wata shida ke nan ita ma tana nata darasin a kansa, kowace yamma, kuma bai zo mata da sauƙi ba. Ba za ta kira kowa ba sai ya je gaban jandarmomi da ƙafarsa.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mama, jandarmomi kuma? Ni dai ki gaya mini, wa ya koya miki wannan kwanciya taki? Indiyawa?"

Yatsunta ba su matsa ba, ba su kuma ɗaga ba.

"Kai ne, ɗana," in ji ta. "Ni ke kujerar bayan a ranar, ba kai ba. Da ka gama da mijina, sau biyu ka taka ni da takalmi don ka ga ko da sauran rai, ban motsa ba."