Sakamakon Gwajin Dogo

Takardar gwajin ba ta cika layi huɗu ba. Manajan kamfanin tireloli ya turo ta kan tebur da ɗan yatsa, kamar mai ture ƙazanta.

"An sami ƙwayar hana barci a jininka. Ajiye makulli."

Shekara goma sha ɗaya Dogo yana jan tirela, ko sigari bai taɓa kai wa baki ba. Ya rantse, ya nemi a sake gwaji. Aka sake, sakamakon bai canza ba.

Shi kansa ya san jikinsa ba daidai yake ba. Tun bayan zaman makokin surukinsa, wanda gyangyaɗi ya kwashe a kan sitiyari, hannun Dogo ke rawa, zuciyarsa na dukan ƙirji, abu kaɗan sai faɗa. Ya ɗauka tashin hankali ne.

Ba ya cin abincin tasha, daga gida yake tafe da nasa. Mutum ɗaya ke shiga motarsa: Mai Gemu, abokin tuƙinsa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin a mallaka masa ita.

Ya tarar da shi a gareji yana wanke hannu.

"Me ka zuba min?"

"Ka sha abinka, ka zo kana neman wanda za ka shafa wa?" in ji Mai Gemu.

Dogo ya rarumi sifana. Kafin makanikai su riƙe shi, haƙoran Mai Gemu uku suna ƙasa, muƙamuƙinsa ya goce.

Kwana biyu Dogo ya yi a hannun 'yan sanda. Yayansa ya yi belinsa, ya raka shi har ƙofar gida. Maƙwabta suna ganinsa suka janye 'ya'yansu.

Matarsa ta kawo ruwa, idanunta a kumbure. Ya ture kofin.

"Ya raba ni da aikina, ya ɓata min suna. Wallahi in ya fito daga asibiti sai na ƙarasa shi."

"Baban yara, ka bar mutumin nan."

"Ke ma bayansa za ki bi?"

Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tare hanya.

"Ni nake daka ƙwayar in zuba a shayinka kullum. Tsoro nake kada kai ma barci ya kashe min kai."