Telan da Bai Yanke Rarar Yadi Ba

Zauna, ɗana, ajiye kwalbar man shanun nan tukuna. Na ji an sallamo maiɗakinka daga asibiti, Allah Ya ƙara sauƙi. Na yi jinyar mai irin ciwon nan har na rufe mata ido da hannuna, saboda haka bari in ba ka misali.

An yi wani tela da sankara ta kama matarsa a nonon hagu. Aka yanke, aka yi ta ƙara mata ruwan magani, gashi ya zube, ta rame har rigunanta suka koma kamar an rataye su a ƙusa. Shi ya rage mata su da kansa, amma bai sa almakashi ba. Sai ya naɗe rarar yadin ta ciki ya bi da ɗinki, yana cewa a ransa wata rana zai warware. A gefen hagu kuma ya yi wa kowace riga ɗan aljihu ya cusa auduga, don kada idon mutane ya tsaya a wurin. Ranar sallama likita ta ce musu ciwon ya tafi, amma a kula da ɗaya nonon: ta riƙa tafiyar ƙafa, a rage maiƙo da zaƙi, domin ƙiba tana ƙara wa wadda ta warke haɗarin sabon ciwo. Tela ya ce to. Amma da ya dubi ƙasusuwan wuyan matarsa, sai ya ce a zuciyarsa likitar nan ba ta taɓa kwana ɗaki ɗaya da rama ba. A wurinsa rama ita ce fuskar ciwon, don haka ya ɗaura yaƙi da ita. Fura da nono da sukari da rana, tsire da yamma, man shanu yana malala a kan tuwo. Ya hana ta daka, ya hana ta shara, ko gidan ƙanwarta da ke bayan layi sai ya kira mata adaidaita. Takan yi dariya ta ce, "Malam, layya za ka yi da ni ne?" Shi kuma ya ce, "Ci dai, akwai sauran yadi a ciki."

Ranar da ya warware ɗinkin farko, sai da hawayensa ya ɗiga a kan keken ɗinki. Rarar ta ƙare, ya fara ƙara ƙyalle a hammata, maƙwabta suna sa masa albarka. Bai lura tana dafa bango in za ta tashi daga sallaya ba. Bai gane cewa tana suɗe kwano ne don ta ga fuskarsa ta washe ba. Bayan wasu shekaru, yana gwada ta don kayan sallah, ta kama hannunsa a hankali ta ɗora a gefen dama. Ya ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Wannan karon magani bai ci ba. Da ta sake ramewa, ya zauna ya cire ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya, ya sake naɗe yadin ta ciki. Har a lokacin bai yarda ya yanke ba.

Matar nan yayata ce. Rigunan suna cikin akwatina, in na juya su nakan ga sawun allura layi-layi, na ragewa da na ƙarawa. Ban ce ƙiba ce ta kashe ta ba. Kwana ne ya ƙare, kuma akwai sirara da ciwon ya dawo musu. Amma an nuna masa ɗan abin da ke hannunsa, tsoro ya rufe masa ido, ba don ƙauna ta yi masa kaɗan ba. Kai dai bayan la'asar kama hannun matarka ku taka zuwa ƙarshen layi, ka bar ni da kwalbar nan. Tun ba yau ba Hausawa suka ce, garin neman ƙiba akan samo rama.