Gida Tara

Tun da aka daina sanar da rasuwa a rediyo da lasifikar masallaci, sai dai ta akwatin talabijin, kowane kamfani masu akwatinsa kawai yake sanar wa.

Da hantsi Malam Tanimu ya shiga shagon Sagiru a kasuwar Gusau, tsohon akwatinsa a hammata.

"Baba, ga Tauraro, ya fi kowa finafinai," in ji Sagiru. "Ga Zabuwa, hotonta tar."

"Ba kallo ya kawo ni ba, ɗana. Gida nawa kowanne yake shiga?"

"Tauraro dubu ɗari huɗu a garin nan. Zabuwa dubu sittin."

"Irin nawa fa, Fitila?"

Sagiru ya duba allon kwamfuta. "Gida tara."

Malam Tanimu ya gyaɗa kai. Ranar da matarsa Asabe ta rasu, mutum uku suka tsaya bayan liman. Maƙwabta sai da suka ga an dawo da makara suka sani.

"Ba ni Tauraron."

"To, amma ka san doka, Baba. Sabon akwati sai ya shekara a gida kafin su karɓi sanarwar mai shi."

Tari ya turnuƙe tsohon. Likita bai ce masa zai kai shekara ba.

Ya mayar da akwatinsa hammata. "Rubuta min gidaje taran nan. Gara in je mu gaisa, su san fuskata tun ina iya tafiya."

Sagiru ya ɗauki biro, ya sake duba allon.

"Baba, sun koma takwas."