Mutum na Goma

Tunda ka ce saƙon waya ya ishe ka yin ta'aziyya, saurari wannan. A wani babban birni an yi wani malamin Yahudawa mai jagorantar ƙaramin ɗakin ibada a unguwar teloli. Allah ya ba shi baki, har gidan rediyo ya ɗauke shi yana wa'azin minti biyar da safe. Cikin 'yan shekaru muryarsa ta karaɗe ƙasar, direbobi da masu gashin burodi, Yahudu da wanda ba Yahudu ba, kowa na kasa kunne. Unguwar kuwa ta yi ta raguwa, matasa sun tashi, sai tsofaffi. Su kuma a addininsu akwai addu'ar tunawa da mamaci da ba a yin ta sai maza goma sun hallara wuri ɗaya. Tara ba su isa ba, ko da malamai ne.

Wani tsohon tela ya zo ya shaida wa malamin ranar da matarsa za ta cika shekara da rasuwa, ya roƙe shi ya zo, don ya ƙirga ya sake ƙirgawa, goma ba ta cika sai da shi. Malam ya amsa. Ana gobe sai gidan rediyo ya nemi ya shigo da safen ranar, daidai lokacin addu'ar, shi kuwa bai iya ce musu a'a ba. Ya lallashi kansa da cewa zai yi wa tsohon abin da ya fi: zai ambaci sunan matar a gaban miliyoyin mutane. Ya kuwa ambata, da kalamai masu sa ƙwalla. Su taran suna tsaye a bakin ƙofa suna duban hanya, suka jiyo shi daga rediyon wani kanti. Da lokacin aiki ya yi, suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba a yi addu'ar ba.

Bayan kwana biyu suka haɗu da tsohon, malam ya tambaye shi ko ya ji. Tsohon bai yi fushi ba, abin dai ya ci masa rai.

"Na ji, Malam, ka yi magana mai daɗi," in ji shi. "Mutum ɗaya muka rasa."

Tsohon bai kai wata shekarar ba ya rasu. Hausawa dai sun riga sun faɗa: zumunta a ƙafa take.